Wa Ya Ga Yauni Bana?

Mu mutanen Minna, in baƙo ya sauka a gidanmu, abu biyu ne ba ma bari ya koma bai sha labarinsu ba: doya da dam. Doyar Gwada ko ta Paiko za mu sa a kirɓa masa sakwara, ya ci ya shaida da bakinsa. Dam kuwa da yatsu muke ƙirga masa: Kainji, Jebba, Shiroro, ga kuma autansu na Zungeru. Mu ce masa ya zagaya Najeriya kaf, ba zai sami jihar da ta tara manyan madatsun lantarki huɗu irin tamu ba. Gaskiya muke faɗa masa, kuma abin alfahari ne. To amma da baƙon nan zai tsoma hannu a miya ya ɗago tsoka ya ce, "Wannan wane kifi ne?" yawancinmu abin da za mu ce shi ne, "Kifi ne mana, ci abinka."

Abin da ya tayar da zancen nan ya faru ne daren Asabar, farkon damina, a teburin mai shayin bakin layinmu. Telan unguwa ya dawo daga kasuwa da leda cike da busassun ƙananan kifi, ya dire ta a kan benci yana murna, wai yau ya yi sa'ar ciniki, mudu guda na warangi a kuɗin da bai kai na kifin ƙanƙara biyu ba. Baba na gefe da kofinsa. Baba Basarke ne, asalin gidansu wajen Yawuri, ya yi fiye da shekara ashirin yana su a tafkin Shiroro kafin rashin tsaro ya taso shi da iyalinsa zuwa cikin gari. Ya ce a miƙo masa ledar. Ya damƙo kaɗan ya baza a tafin hannu, ya sa yaron mai shayi ya haska masa da fitilar waya, ya riƙa turawa da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan warangi ne, gaskiya. Wannan ma shi ne. Wannan kuwa ɗan tsage ne, duba haƙoransa. Wannan 'yar faliya ce." Sai ya ɗago wani ɗan mitsitsi da bai kai ƙaramin yatsa ba, ya daɗe yana kallonsa. "Ɗana, ka san abin da ka sayo? Giwan ruwa ne wannan. Da an bar shi, wata rana sai ƙarti biyu sun sa sanda kafin su fito da shi daga jirgi."

Tela ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Mu dai mudu muke gani, in ya cika ya yi tozo mu biya." Ba wanda ya yi masa dariya, domin duk wanda ke kan bencin nan ya taɓa sayen irin wannan mudu.

Baba ya juya kan samarin da ke jiran Indomie ya ce duk wanda ya kawo masa sunan kifi biyar, shi zai biya masa kuɗin shayi. Aka ce tarwaɗa. Aka ce ƙarfasa. Wani ya ce Titus, wani ya ce sardin na gwangwani, daga nan aka tsaya cak. Baba ya ajiye kofi ya soma jerowa kamar mai kiran 'ya'yansa cin tuwo: ragon ruwa, ƙurungu, ramboshi, bargi, kawara, cihaki, farin dumi, buro, warushe, tufi, gwando, minjirya mai girgiza wanda ya taɓa ta, talibambam mai kumbura ciki in ya tsorata, gaiwa da ke shigewa cikin laka ta yi rani guda ba ruwa har damina ta tashe ta. Kowane da watansa, da makwancinsa, da miyar da ta dace da shi. Da ya kai ƙarshe ya dube mu ya ce, "To ku gaya mini tsakaninku da Allah, wa ya ga yauni bana?"

Ba wanda ya amsa. Dattawa biyu ne kawai suka san shi, dogon kifin nan mai santsi da wasu ke kira ɗan sarki, wanda abin iyonsa ke shimfiɗe a gadon bayansa tun daga wuya har kusa da ƙarshe, yana kaɗa shi ya yi gaba ya yi baya ba sai ya juya ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce rabonsa da ganin babba a tire har ya manta shekarar.

Na kwana da tambayar nan. Abin da na gane shi ne, kafin abu ya ƙare a ruwa, a baki yake fara ƙarewa. Ranar da muka daina tambayar mai kifi sunan abin da ke tirenta, ranar muka daina lura da wanda ya bar zuwa. Wanda ba ka san sunansa ba, ai ba ka cigiyarsa.

Hirar dai ba ta tsaya nan ba. Wani ya ce, "Baba, ai ruwa ya ƙaru, bai ragu ba. Ga tafki nan iya ganinka a Shiroro. Ina kifin ya tafi?"

Baba ya ce, "Yaro, tafki daban, kogi daban. Kifin kogi matafiyi ne, da cikowa yake aure, da cikowa yake haihuwa." Ya ce in ruwan farko ya sauka kogi ya ɗauko ja, sai ka ga faliya da cihaki da kawara da farin dumi sun yi ayari suna haurawa sama, suna kutsawa cikin rafuka. In kogi ya tumbatsa ya malala fadama, nan ne ɗakin haihuwa. Bargi ya share ciyawa ya yi sheƙa zagayayya a ruwan da bai wuce gwiwa ba, uwa da uba suna gadi. Yauni ya tara ciyawa ya yi tasa sheƙar mai yawo a saman ruwa, kuma duk wanda ya matso kusa zai sha cizo. 'Ya'yan su yi wata biyu ko uku cikin ciyawa suna cin ƙwari, manyan kifi ba sa iya bin su can. In kaka ta yi ruwa ya soma janyewa, su biyo shi su koma kogi sun yi ƙwari. "Shekarar da ruwa ya daɗe a fadama, badi raga za ta yi nauyi. Wannan ko jikana ya sani."

Malamin sakandaren da ke haya kusa da masallaci, wanda ya yi karatu a kwalejin kifi ta New Bussa kafin ya kama alli, ya karɓe zancen. Ya ce kogin Neja ma a wajen Kainji cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar nan kusa, mai ɗauke da laka, wanda ke zuwa daga wajen Agusta. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya zuba a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali har ya sauke lakarsa, ya iso mana garau cikin hunturu. Kifi ya san wannan kalanda tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba.

Ya ce dam abu uku yake yi wa wannan tsari, ko da yake ba don cutar da kifi aka gina shi ba. Na farko, bango ne: mai haurawa ya zo ya tarar da siminti. Na biyu, yana riƙe cikowar damina don a sami abin juya inji da rani, sai fadamar da ke ƙasa ta kwana da ƙishi a watan da kifi ke nemanta. Na uku, hawa da saukar ruwa sun koma bin bukatar wuta: yau ruwa ya rufe ciyawa bargi ya yi sheƙa, bayan 'yan kwanaki ya janye ƙwai ya bushe a rana. Ga lakar da ke takin fadama tana kwantawa a gindin tafki, ruwan da ke fita ta ƙasan dam kuma sau da yawa ba shi da wadatar iskar da kifi ke shaƙa.

Malam ya bi mana tarihin daki-daki. An gama Kainji a 1968. Tafkin da ya taru a bayansa ya haura kilomita 130 a tsawo, ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka tashi mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Masu binciken da suka bi masunta daga Jebba zuwa Lokoja sun tarar kamu ya ragu da kusan rabi tsakanin 1967 da 1969. A cikin tafkin kuwa da farko kamar an fasa rumbu: ruwa ya kwanta kan gonaki da daji, abinci ya yi yawa, faliya ta cika raga, masunta suka yi ta kwararowa. Cikin 'yan shekaru abin ya lafa. Jebba ya biyo baya a 1985, wajen kilomita 100 ƙasa da Kainji. Shiroro ya zo a 1990 a kan kogin Kaduna, da megawat 600. Zungeru mai megawat 700, wanda aka aza harsashinsa a 2013, shi ma a kan Kaduna yake, ƙasa da Shiroro. Ke nan kifin da ya taso daga Neja ya bi Kaduna ya wuce Wushishi, iyakarsa Zungeru. Wanda ya rage tsakanin Zungeru da Shiroro kuwa, bango gaba, bango baya.

Direban da ke jigilar shinkafa daga Bida, Banufe ne, garinsu kusa da Muregi inda Kaduna ke zuba cikin Neja, ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, ka faɗi abin da ke raina. A da tsofaffinmu sun san watan da ruwa ke zuwa, sun san ranar da za a ɗaga kaya zuwa tudu. Yanzu a jira shi ya ƙi zuwa, in kuma aka buɗe ƙofofin dam ya zo dare ɗaya ya kwashe shinkafa har da ɗaki."

Mai shayi Bakatsine ne, ba ya barin Banufe ya sha iska. Ya ce, "To bawana, in kifi ya ƙare sai ku tattaro ku zo Katsina mu koya muku dama fura." Direba ya ce, "Wanda bai taɓa taka jirgi ba, in ya ga kwatami ma sai ya yi salati, shi ne zai sa baki a zancen ruwa?" Aka yi dariya, aka ƙara zagayen shayi. Sai mai shayin ya gyara murya ya ce, "Wasa a gefe. Baba, yanzu so kuke a rushe dam ɗin? Firjin nan nawa da wutarsa yake aiki. Mai walda, mai niƙa, asibiti, kowa jira yake. Ruwan famfon da muke sha ma daga dam ɗin Tagwai yake zuwa tun 1978."

Baba ya ce, "Allah ya kiyaye. Ni da na ci abinci a tafkin Shiroro shekara ashirin zan ce a rushe? Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mun karɓi wuta daga hannun kogi. Me muka mayar masa?"

Malam ya ce abin da za a mayar masa a rubuce yake. A 1992 aka kafa dokar su ta koguna da tafkuna a ƙasar nan. Ta ce duk wanda aka ba izinin datse ruwa, sai ya gina wa kifi matakala, wato wata 'yar hanya mai hawa-hawa a gefen dam da ruwa ke gangarowa ta ciki kifi ya bi ya haura. Ta hana raga mai ido ƙasa da inci 3, ban da ta warangi. Ta hana guba, ta hana nakiya, ta hana kamu da lantarki. Sai dai lokacin da dokar ta zo, Kainji da Jebba da Shiroro duk sun riga sun tsaya da ƙafafunsu. Ya ƙara da cewa matakala ita kaɗai ba ta raba gardama: a Markala ta ƙasar Mali an yi wa madatsar da aka gama a 1947 irin wannan hanya, amma ba ta ɗauki yawan kifin da ke son wucewa ba. Abin da ya fi tasiri shi ne a sakar wa fadama ruwanta a kan kari. Ya kawo misalin arewacin Kamaru, inda dam ɗin Maga da jingar da aka yi a gefen kogin Logone a 1979 don noman shinkafa suka busar da fadamar Waza, masunta da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata mashiga ruwa ya koma, ciyawa ta tsiro, kifi ya dawo, mutane suka dawo. 'Yan'uwanmu na ƙasan dam ɗin Bakolori a kogin Sakkwato, da na fadamar Haɗeja da Nguru bayan dam ɗin Tiga da na Challawa, sun riga mu sanin zafin rashin cikowa. Can sama kuma Nijar na gina dam ɗin Kandaji a kan kogin Neja ɗin nan dai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake cewa.

Da a nan aka tashi, da kowa ya tafi gida da sanyin zuciya, laifi na dam ne da gwamnati. Baba ne ya hana. Ya ce, "Dam ya karya wa kifi ƙafa ɗaya. Ɗayar kuwa mu ne muke kanta da gatari."

Kuma gaskiyarsa. Mu ne gidan sauron da aka raba wa masu ciki a asibiti muke ɗinke shi mu ja a bakin rafi, ya kwaso har abin da ido bai gani sosai. Mu ne muke jan dala, doguwar ragar nan mai ƙananan ido da ake zagaye gaɓa da ita a ce warangi ake nema, alhali gaɓar nan ita ce makarantar 'ya'yan giwan ruwa da faliya da ƙarfasa. Da can in za a sa magimfa a kududdufi sai rani ya yi nisa, a wuri ƙayyadadde. Yanzu wani sai ya tuttula Gamalin ko maganin feshin gona a rafi, komai ya taso ciki sama, ya kwashe manya ya kawo mana kasuwa mu ci da 'ya'yanmu, ƙananan su ruɓe a gaɓa. Mu ne muke kafa dumba mu toshe bakin rafi daidai lokacin da uwaye ke shiga da ciki. Mu ne muke wankin ƙasar zinariya a bakin ruwa har rafi ya koma kunu, mu kwashe yashin da kifi ke kwanciya a kai mu loda a tifa. Mu na cikin gari kuma, ledar ruwa da baƙin mai da duk sharar da muka tura kwata, ruwan farko ke kwashe su ya kai rafi, rafi ya kai kogin Chanchaga.

Baba bai keɓe kansa ba. Ya ce shi ma ya ja dala shekara biyu, lokacin da 'ya'ya suka yi yawa raga mai faɗin ido ta daina kawo na cefane. "In kowa ya rage ido, kai ma sai ka rage, in ba haka ba ka dawo da jirgi wayam. Da yatsa huɗu muke auna idon raga muna samari. Aka koma uku, aka koma biyu. Yanzu akwai ragar da ko tsinke da ƙyar." Malam ya ce lissafi ya nuna haka. A shekarun 1990 an yi wani aikin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus a tafkin Kainji, aka ƙirga jirage da raga da kamu, aka jawo sarakuna da shugabannin masunta cikin sha'anin, har aka kai ga hana dala. A 1996 kifin da aka fitar daga tafkin ya haura tan 38,000. A 2001 bai kai tan 14,000 ba. Wani sashe na raguwar daga hana dala ne, tunda warangi ke da kaso mai yawa a ma'auni, amma masu raga ma sun shaida manyan kifi sun yi wuya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, hana kamu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin a san wata doka ta takarda, Sarkin Ruwa ke cewa gurbi kaza an rufe shi sai wata kaza, kuma ba mai jefa ko fatsa. Bikin Argungu da duniya ke zuwa kallo, wanda ya samo tsarinsa na yanzu tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, sirrinsa ke nan: ana barin kogin Matan Fada ya huta, sai ranar da aka ba da izini a faɗa da gora da koma. Ƙaton giwan ruwan da ake ɗagawa a gaban sarki, haƙurin shekaru ne ake ɗagawa. Baba ya ce babbar uwa guda ta giwan ruwa tana zuba ƙwai miliyoyi, ƙarfasa kuma a baki take goyon nata har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama uwa a watan haihuwa, gari guda ya kama.

Akwai kuma waɗanda ba su da yawan haihuwar da za su jure. Baba ya ce yana saurayi ya yi su wajen Lokoja da Binuwai, inda ake jan ƙafa a yashi don tsoron kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ƙaya a wutsiya. Malam ya ce sunanta na kimiyya daga garin Garwa na Kamaru aka ɗauko shi, a 'yan kogunan yankin nan kawai take a duk duniya, haihuwa take yi ba ƙwai ba, kuma 'ya'ya kaɗan a lokaci guda. Yau ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke bakin ƙarewa. Ayu ma, ko da yake ba kifi ba ne, yana cikin jerin masu rauni, ga dam ya raba shi da 'yan'uwansa, ga masu neman mansa. In irin waɗannan suka tafi, babu kasuwar da za a je a saro.

Kuma ba a ce ba mu da masana ba. Cibiyar binciken kifin koguna da tafkuna ta ƙasa baki ɗaya a jiharmu take, a New Bussa, tun 1968 da ta soma a matsayin aikin binciken tafkin Kainji. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna tana da sashe guda na albarkatun ruwa da kiwon kifi. Hukumar HYPPADEC da aka kafa don yankunan da ke samar da wutar ruwa, hedikwatarta a garin nan take. In mun sami shiga wurin manya, rijiyar burtsatse muke roƙo, da taransifoma, da gurbin aiki, kuma duk bukatu ne na gaskiya. Sai mu ƙara da na kogi. A zauna da masu kula da dam a tsara sakin ruwa yadda fadama za ta samu a watannin haihuwa, a kuma sanar da na ƙasa kafin a buɗe ƙofa. A ware wasu gaɓoɓi da bakin rafuka a Shiroro da Zungeru da Tagwai a ce nan ba a su, a damƙa gadinsu a hannun Sarkin Ruwa da mutanensa, domin su ke kwana a wurin. Masuncin da aka ce ya ajiye raga wata uku kuma a ba shi abin da zai riƙe gida, ko noman rani ko kiwon kifi, tunda yunwa ba ta san doka ba. Duk wani sabon dam da za a zana, a sa masanin kifi da Basarke a teburin tun ranar farko.

Washegari na bi ta wurin Inna mai kifi, wadda ta fi shekara talatin tana sarowa daga Zumba da Malale. Na kwashe hirar jiya na gaya mata. Ta saurara tana korar ƙuda da mafici, sannan ta ce, "Ɗana, ku ne fa. In na kawo babba ku ce ya yi tsada, a ba ku na naira 500. In damina ta faɗi kowa ya zo yana latsa cikin tarwaɗa, a zaɓo masa mai ƙwai, wai yara na so. Ni abin da kuke saye shi nake sarowa. Masunci kuma abin da nake sarowa shi yake kamawa. Ku daina tambaya ku gani in zan ɗauko." Ban sami abin cewa ba, domin a gidanmu ma in an buɗe tukunya aka ga ƙwai murna ake yi.

Ashe igiyar ragar nan doguwa ce, bakinta ɗaya na hannun masunci a Shiroro, ɗayan na hannun mai cefane a Kasuwar Kure da Mobil da Tunga. Ƙofar dam ba a hannunmu take ba, sai dai mu yi magana, kuma ya kamata mu yi. Amma jakar cefane tamu ce. Daga saukar damina zuwa ƙarshen Agusta, ga tarwaɗar kiwo nan a tankuna bayan gidaje daga Bosso har Chanchaga, ta ishe mu miya, a bar na kogi ya haihu. In an auno mana warangi mu baza a hannu mu duba, in da 'ya'yan manyan kifi a ciki mu faɗa wa mai sayarwa da bakinmu. Kifin da aka kawo jibgi guda, manya da ƙanana, jikinsa ya saki tun da safe, mu tambayi yadda aka kama shi. Uwa-uba, mu riƙa tambayar suna, a gaban 'ya'yanmu, har su ma su iya.

Daren nan kafin a tashi, Baba ya yagi 'yar takarda ya naɗe ɗan giwan ruwan nan, ya miƙa wa yaron mai shayi ya ce ya adana. Asabar ɗin da ta biyo, yaron na zuba masa shayi yana jero masa sunaye, ya kai goma sha biyu kafin ya kakare. Baba ya biya masa kuɗin shayi kamar yadda ya yi alkawari. Yaron ya ce, "Baba, yaunin nan fa, yaushe za ku nuna mini shi?"

Baba ya ce, "In hanya ta yi lafiya zan kai ka bakin ruwa mu nema. Kafin nan ka riƙe sunan da kyau, ko Allah zai sa ka gamu da mai shi."